Baƙin Tiken Mutanen Jiratawa

Shekara ashirin da uku ke nan ina sayar da tiken tseren dawaki a Maraɗi, kuma har yau ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin dawakin da idona ba. A Faransa suke gudunsu, a kan ciyawar da ta fi unguwarmu ta Zariya samun ruwa. Mu namu lamba ce kawai: doki na huɗu, doki na tara, doki na sha uku. Mutum ya zaɓi ukun da yake zaton za su zo gaba, ya jera su, ya ba ni dala arba'in, in miƙa masa takarda. Samarin da ke tsayawa inuwar kiyos ɗina suna cajin waya sukan ce mini, "Mushe, kai ka huta, aikinka danna maɓalli." To ku matso in ba ku darasi ɗaya. Na daɗe ban tsaya gaban aji ba.

Mushe ɗin nan da kuke kirana, na gaske ne, don haka ake kiran malamin boko a nan. Shekara takwas na koyar da lissafi a lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauye gaba da Tsibiri, har albashin kwantiragi ya koya mini irin lissafin da babu shi a littafi. Daga nan na zo wajen Baba Gonda, wani tsoho mai ido ɗaya da ke da kiyos kusa da babbar kasuwa, na ce ya koya mini sana'a. Ya dube ni daga takalmi har hula ya ce, "Kai da ka iya faransanci, mi za ni koya ma?" Na ce ya dai gwada ni.

A lokacin babu na'ura. Da bik ake rubutawa a ɗan littafi mai karbon: ta sama ta mai saye, ta ƙasa ta kamfani. Kafin a saki dawaki sai mai moto, wato babur, ya zo ya kwashe na ƙasan ya kai ofis, wanda bai isa kan lokaci ba kamar ba a buga shi ba ne. Makona na farko na sa karbon a juye. Wani tela ya buga lambobinsa ya tafi da takardarsa, ta kamfani kuwa ta tafi fara fat, ban lura ba sai da na ga rubutun ya fito a bayan takardar mai saye na gaba. Daga azahar zuwa la'asar na zauna ina roƙon Allah ya kayar da wasu dawaki uku da ba su yi mini komai ba. Suka zo baya. Baba Gonda bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Mushe, nan ba allo ba ne. Ba a gogewa." Ya kuma kafa mini doka biyu: kada in taɓa gaya wa mai saye dokin da zai buga, kuma kada in riƙe wa kowa tike ko da ubana ne. In ya ci, zai ce shi ya zaɓa. In ya faɗi, kai ka zaɓa masa.

Da na buɗe nawa kiyos a Zariya, na'ura ta riga ta zo. Kayan aikina duka ba su cika akwati ba: na'urar, naɗin takardarta, ƙaramin allo da alli na rubuta sakamako, batir saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, da takardun shirin tsere da ake bugawa kowace safiya. Fargabar dai ba ta ragu ba, sake kama ta yi. Saura minti biyar a rufe, mutum goma a layi, rezo, wato hanyar sadarwar na'urar, ya ɗauke. Kowa na ganin lambarsa ce za ta fito yau, kuma kai ne ka hana shi arziki. Abu ɗaya game da na'urar nan da ya kamata ku riƙe tun yanzu: babu tawada a cikinta. Da zafi take rubutu. Takardar tana da wani shafe a fuskarta wanda yake baƙi duk inda zafi ya taɓa.

Masu sayena kuwa iri-iri ne. Akwai mai ajiye motonsa shago biyu kafin nawa, ya ƙaraso da ƙafa kamar mai neman adireshi. Akwai alhajin da direbansa ke zuwa kullum da sababbin takardun kuɗi, yana rantsuwa nasa ne. Ban taɓa yi wa kowa gardama kan hukuncin abin ba. Malamai sun faɗa, na ji, masu sayen ma sun ji, shi ya sa suke ajiye moto nesa.

Shekarar da aka rufe iyaka, fataucin mai da na hatsi ya tsaya, na yi zaton zan rufe. Sai ga ciniki ya ƙaru. Mutum in yana da aiki yakan buga don nishaɗi, in ba shi da shi yakan buga don abinci. Sai dai ba kowa ke da abin bugawa shi kaɗai ba, shi ne haɗaka ta yi yawa. Teloli su haɗa, masu kabu-kabu su haɗa, mahauta su haɗa, a zuba kuɗi wuri ɗaya a buga layi da yawa, kowane layi jerin dawaki uku, in an ci a raba.

Kullum tambayarsu ɗaya ce: haɗaka tana biya? Ga abin da nake rubuta musu a allo, don wannan ba zaɓen doki ba ne, lissafi ne, Baba Gonda bai hana ni shi ba. In dawaki sha shida za su yi gudu, hanyoyin da uku za su iya zuwa gaba a jere su ne sha shida sau sha biyar sau sha huɗu, wato dubu uku da ɗari uku da sittin. Ku goma sha biyu kun zuba dala ɗari-ɗari, kun sayi layi talatin. Kun fi mai layi ɗaya kusa da ci sau talatin, gaskiya ne. Amma abin da kuka ci za ku raba shi gida goma sha biyu. Kafin nan kuma kamfani ya riga ya cire nasa daga kuɗin kowa, tun dawaki ba su fito ba, saura shi ake raba wa waɗanda suka dace. Don haka haɗaka ba ta sa tukunyar ta girma. Tana sa ku riƙa ɗanɗanawa akai-akai, har ku manta nawa kuka zuba.

Ƙofa biyu kaɗai na sani da ke da ɗan haske. Ta farko, kada ku buga abin da duk gari ya buga. Kowa takardar shiri ɗaya yake karantawa, kowa dawakin da aka yaba yake bi, ranar da suka zo kuwa masu ci sun kai jama'ar Idi, rabon kowa bai sayi kwanon gero ba. Ta biyu ita ce ranar da tukunya ta kwana, wato kuɗin da ba a karɓa ba aka ƙara su kan na gaba. To amma ranar ce kowa ke zuwa, har mai ajiye moto nesa yakan ajiye shi kusa.

Cikin duk masu haɗaka, mutanen Jiratawa ne kaɗai suka saurari darasin har ƙarshe. Manoman rani ne su goma sha ɗaya, masu zogale da tumatir da tattasai a fadamar Gulbi. Na sha biyunsu Laminu ne, ɗan kabu-kabu haifaffen Tsibiri, wanda ke ɗauko musu buhunan zogale zuwa kasuwa, mai saurin baki da saurin moto. Ma'ajinsu Malam Issa, dattijo mai furfura a gemu, wanda duk takardun ƙungiyar manomansu ke hannunsa. Bai yi lakol ba, shi ya sa yake girmama takarda fiye da mu da muka yi. Katin ɗan ƙasarsa, takardar gonarsa, takardun haihuwar 'ya'yansa, har rasit ɗin rediyo, duk ya kai an liƙe su cikin leda mai kauri, irin wadda masu fotokopi ke yi. Ya ce takardar da ba ta da riga tsirara take. Burinsu injin ban ruwa. Suka yanke cewa cikin layi talatin, biyar za su riƙa bai wa dokin da ba wanda yake so.

Wata Juma'a cikin damina, doki na sha uku, wanda takardar shiri ta ce ko keken jaki ba zai ja ba, ya zo na ɗaya. Na rubuta sakamako a allo, na juya, na ga Malam Issa ya zauna a ƙasa. Washegari da safe rabo ya fito: jika ɗari tara, kowace jika dala ɗari biyu. Kuɗin injin ke nan har da tiyo.

Kuɗi mai yawa irin wannan ba a kiyos ake biya ba, sai babban ofis, shi kuwa sai Litinin. Malam Issa ya miƙo mini tiken ya ce, "Mushe, aje muna shi wurinka." Na ce dokar maigidana ta hana. Hadari ya haɗo ta gabas, na dubi sama na ce masa, "Malam Issa, kiyaye shi daga ruwa, kiyaye shi daga gumi. Wanga takarda ita ce kuɗɗin. In ta lalace babu wani shaida." Ya ce ya ji. Abu biyu na lissafa masa. Uku ne.

Bayan azahar sai ga shi ya dawo da ƙafa, babu hula. Bai yi sallama ba. Ya ɗora wani abu a kan katakon kiyos, mai sheƙi, an yanke gefensa daidai. Na ɗauka na duba. Baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, kamar allon da aka wanke ranar Litinin.

"Mi ne ne wannan?"

"Shi ne, Mushe."

"Wa?"

"Tiken. Na ga hadari, na tuna Gulbi na iya kawo ruwa, na ce bari in kai wa mai fotokopi shi yi mishi riga. Ya shiga injin fari, ya hito haka. Mai shagon ma ya ce bai taɓa gani ba. Ya tambaye ni ko a yi fotokopi tukuna. Na ce a'a, kada lambarmu ta kwana a shagon wani."

Injin liƙa leda kuwa da zafi yake aiki. Na juya bayan tiken. Nan rubutun kamfani yake, da tawada ta gaske, ƙanana-ƙanana, zafi bai taɓa shi ba. Layi na uku da faransanci mai kyau yana cewa a nisanta wannan takarda daga zafi. Yanzu an adana gargaɗin cikin leda, zai kai shekara ɗari ana karanta shi.

Ran Litinin muka je ofis mu uku da Laminu. Shef ɗin, wato shugaban ofishin, mutumin kirki ne, ya ba mu kujeru. Ya duba na'urarsa ya ce lalle an sayar da tiken da ya ci a kiyos ɗina ranar Juma'a. Sannan ya ɗaga ledar ya haska ta a taga ya ce, "Amma wa zai gaya mini wannan shi ne? In na biya ku yau, gobe wani ya shigo da na gaskiya, in ce masa mi?" Ya ce zai rubuta wa manyan kamfani a Yamai. Ya ce wa'adin karɓa kwana bakwai ne daga ranar tsere, kuma kowane babban ofis a ƙasar nan yana iya biyan wanda ya kawo tike mai kyau.

Wannan magana ta ƙarshe ita Laminu ya fita da ita. Ko bakin titi ba mu kai ba ya tsaya gabanmu.

"Baba Issa, ni fa ba yaro ba ne. Mushe, kai ma ka ji. Tike nawa ke faɗuwa ƙasa gaban kiyos ɗinka kullum? A ɗauki ɗaya a ƙona, a nuna muna baƙi. Na gaskiyar a ba wani shi tahi Damagaram ko Tawa shi amsa, ku raba biyu. Mi ya hi wannan sauƙi?"

Malam Issa ya ce, "Laminu, ni?"

"Ban ce kai ba. Na ce lissahi ne. Ba Mushe ke son lissahi ba?"

A matsayina na wanda ya koyar da yara gwada zato, dole in ce zatonsa ba shi da kuskure ko ɗaya, sai dai bai faru ba. Kafin magariba maganar ta isa Jiratawa, kuma ta isa da kaya biyu. Na farko an ce Malam Issa ya ci amanar mutum goma sha ɗaya. Na biyu, gari duka ya san yanzu dattijon da ke tsayawa sahun gaba shi ne ma'ajin 'yan caca. Ran Talata shugabannin ƙungiyar manoma suka aiko a karɓi takardunsu daga hannunsa, wai za a duba wani abu. Ni kuma teloli suka daina zuwa, mahauta suka koma wani kiyos. Mai sayar da tike ba shi da kaya a shago sai yarda. Na'urar ma ta kamfani ce.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a makon nan. Na tambayi Malam Issa ko ya ga lokacin da aka sa tiken cikin injin. Ya ce mai shagon ya shiga da shi bayan labule, don can soket yake. Minti nawa? Bai sani ba. Mutumin yana karanta faransanci? Yana yi. Sakamako kuwa yana rubuce a kowane allo a gari. In har ya musanya, wani zai karɓi kuɗin a wani gari, na'ura za ta nuna an biya, kuma babu rantsuwar da za ta wanke ni da Malam Issa har mu mutu. Ban da hujja a kan mai shagon, har yau ba ni da ita, kuma kamar yadda za ku ji, bai yi komai ba sai aikin da aka biya shi. Amma kwana huɗu na yi ina ganin labulen nan.

Kowace safiya kafin in buɗe sai in bi ta ofis. Mai kesu, wadda ke biyan kuɗi, ta gane ni, tun daga ƙofa take girgiza kai: ba a karɓa ba. In fito in yi hamdala. Ku duba irin matsayin da sana'ar danna maɓalli ta kai ni: ina addu'a jika ɗari tara su mutu a inda suke, don mutuwarsu ce kaɗai shaidarmu.

Ran Juma'a su goma sha biyun duka suka zo, suka zauna ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban ofis. Ba wanda ya zauna kusa da Malam Issa sai ni. Ya sa fararen kaya, ya riƙe ledar a hannu. Laminu yana kan motonsa yana kaɗa makulli. Muka je masallaci tare muka dawo tare. Da lokacin rufe kesu ya yi, shef ya fito da kansa da takarda a hannu. Ya ce wa'adi ya cika, ba a gabatar da tiken a ko'ina cikin ƙasa ba. Ya ce amsar Yamai ta zo: doka ba ta yarda a biya takardar da ba ta karantuwa ba, kuɗin za su koma tukunya.

Wani daga cikin manoman ya ce, "Ashe dai ƙonewa ya yi."

Laminu ya sauko daga moto, ya cire hularsa, ya durƙusa gaban dattijon. "Baba Issa, bakina ya yi mini sauri. Ka yahe mini."

Malam Issa ya daɗe yana duban ledar. Sannan ya ce, "Tashi, Laminu. Ni dai ban san sunana ya kai jika ɗari tara ba. Da na sani da na riƙa lallaɓa shi." Ya juyo gare ni ya miƙo mini ita. "Wannan kam dokar maigidanka ba ta hana ka riƙewa ba."

An mayar masa da takardun ƙungiya kafin sati ya zagayo. Bai sake zuba ko dala ba.

Ranar Talata aka manna sanarwa a jikin kowane kiyos cewa tukunya ta kwana. Ban taɓa ganin layi irin na ranar ba. Teloli suka dawo, mahauta suka dawo, direban alhaji ya zo sau biyu. Can sai ga Laminu ya kutso da kuɗin mutum goma sha ɗaya a ƙulle cikin leda.

"Mushe, kuɗɗinmu na ciki. Mun zo ɗauka."

Na jawo allo na ce, "Laminu, dubi layin nan. Duk wanda ka gani, kuɗinku ya zo ɗauka. Da naku ne, yanzu talla ce."

"Mushe, an tashi daga lakol. Danna."

Na danna. Dawakin da takardar shiri ta yaba su suka zo, ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makaranta masu ladabi. Rabin Maraɗi ya ci. Mutanen Jiratawa ma sun ci, kowannensu ya samu abin da ya kai shi gida a mota ya rage na goro. Har yau suna bugawa, har yau da guga da injin haya suke ban ruwa.

Ledar tana nan, ga ta can na kafe ta da ƙusa sama da na'ura. Duk wanda na miƙa wa tike, ko na dala arba'in ne, ko layi ya kai titi, sai na nuna masa ita na ce: ruwa, gumi, zafi. Kada a rigar da za a yi wa guga, kada a aljihun da ke jikin injin moto, kada kusa da murhun mai shayi, kada a yi masa riga. Wasu suna dariya, suna cewa Mushe ya fara tsufa.

Malam Issa yakan biyo ranar kasuwa, ya ajiye mini ƙullin zogale a kan katako. Ba ya duban allon sakamako. Makon jiya an kwana ana ruwa, rufin kiyos ya yi yoyo, naɗin takarda biyu suka lalace mini, ina ta shanya kaya ya iso. Ya leƙa ciki, ya sa yatsa ya share ɗigon ruwa daga jikin ledar, ya duba ta sama da ƙasa.

Ya ce, "Ka ga dai bai jiƙe ba, Mushe."